Na Ce Shi Ya Ce a Ci Gaba

Shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyar zafi ce, lokacin da rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen goma saura. Mutum ya yi la'asar, ya gama girki, ya zauna, ya tashi ya leƙa taga, rana tana nan tsaye kamar an manta da ita. Haka na ji shekarar duka. Doguwa ce, ga haske ko'ina, ba inda mutum zai ɓuya.

Da karatun yaƙi da jahilci nake wannan rubutu, wanda na yi a Damagaram tun kafin maigidana, Allah ya jiƙansa, ya kawo ni Faransa. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Saboda iyaye mata irina nake yin sa, waɗanda wata rana za a miƙa wa takarda a asibiti a ce su sa hannu.

Ɗana na fari ba zan rubuta sunansa ba, don ban taɓa faɗarsa ba. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Ina yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi ta rene shi, sai nake ce masa Ɗan Tsohuwa. Shi kuma Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗi. Da muka taho Bobigny, kusa da Paris, a Damagaram muka bar shi. Sai da ya yi gemu ya zo karatu, ya gama, ya samu aiki a Lyon wurin masu binciken ruwan sha. Shekararsa talatin da huɗu, bai yi aure ba. In ya zo hutu yakan gaishe ni daga bakin ƙofar ɗakin girki, in amsa ina juya miya. Ƙanwarsa Hadiza, wadda na haifa a nan, takan ce, "Mama, ku biyun nan kamar maƙwabtan da suka taɓa faɗa." Ba faɗa ko kaɗan. Na san miyar da yake so, na san takunsa a matakala tun daga hawa na biyu.

Makon farko na azumi ya zo mana shan ruwa. Cokali ya suɓuce masa sau biyu. Ya ce ciwon kai ne, azumi ne kawai. Na gani, na kau da kai, na ce wa Hadiza ta ce masa ya je a duba shi. Ko wannan ma ta bakinta na aika.

Mako na biyu salulata ta yi ƙara da hantsi. Wata murya ta ce, "Mama, ina kwana? Bitrus ne, abokin aikin ɗanki, mutumin Jos. Kada hankalinki ya tashi, amma ki hau jirgin ƙasa ki zo yau." Ya faɗi ne a wurin aiki. Na same shi a kan gadon tura marasa lafiya a baranda, tun safe suna jiran layin hoton kai. Sai bayan la'asar aka shiga da shi. Kwana biyu bayan haka likita ya nuna mana hoton, ya ɗora bakin biro a kan wani farin abu kamar ƙwan tantabara. Ya ce ƙari ne a cikin ƙwaƙwalwa, kuma mugun iri ne.

Na tare a ɗakinsa na Lyon. Bitrus ne ya kai ni, yana buɗe durowa yana girgiza kai. "Mama, dubi ɗanki. Mutumin da ke auna ruwan gari guda, tukunya ɗaya gare shi, ita ma ba marfi." Na yi dariya, ita ce ta farko a makon. Allah ya saka wa yaron nan da alheri. Lahadi yana fitowa daga coci, wurinmu yake wucewa.

Ana gobe za a yi masa aiki, ma'aikaciyar jinya ta shigo da takarda a tsaye, tana sauri. Ɗan Tsohuwa ya miƙo mini biro.

"Yaya, sunanki na sa. Personne de confiance. Wato in na kasa magana, ke za a tambaya."

Na ce, "Ga Hadiza mai jin Faransanci kamar ruwa, me ya kai ka gare ni?"

"Hadiza kuka za ta yi. Ke ba kya kuka."

Na sa hannu. Na ɗauke ta kamar takardar da nake cikewa a lakkol, wato makarantar yara, ta wanda zai zo ɗaukar yaro in an tashi. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce mini ga nauyin da na ɗauka. Wannan ƙorafina ne, kuma ba zan janye shi ba.

Aka yi aikin, aka sallame mu bayan kwana goma. Sai zirga-zirgar ƙona wurin da haske, kullum da safe, ga ƙwayoyin da ke sa shi amai. Kowace rana sabuwar fuska a bayan tebur, kowacce sai ta sake tambayar ranar haihuwarsa. Magani dai ba mu sha wahalarsa ba, inshorar aikinsa ta ɗauka, wannan na gode. Shawarwari kuwa kamar ruwan sama. Matan unguwarmu ta Bobigny suka ce habbatussauda da zuma. Wata ta ce in mai da shi gida, iskar ƙasar nan ce ba ta karɓe shi ba. Alhaji Mamman, ƙanen mahaifinsa, yana kira daga Damagaram duk Juma'a. Ya aiko da rubutun sha ta hannun wani matafiyi, Hadiza ta je unguwar Goutte d'Or a Paris ta karɓo a shagon masu waya. Ɗan Tsohuwa ya sha bai yi musu ba. Ya ce, "Ya fi ƙwayar nan daɗi."

Wata rana da azahar, cikin mako na shida, yana zaune a kujera da hula a kan ɗinkin, ya ce, "Yaya, zauna mana. Maganar takardar nan nake so mu yi. In abin ya kai inda ba a so..."

Na ce, "Subhanallahi. Ka daina yi wa kanka mugun fata. Da sauƙi ai, jiya ma ka ci tuwo."

"Ba fata ba ne. So nake ki sani."

"Allah ne masani. Bari in duba tukunya."

Na shiga ɗakin girki na tsaya. Ba komai a kan wuta. Na buɗe famfo don ya ji kamar ina aiki. A wurinmu ba a yi wa mara lafiya zancen mutuwa, kowa ya san wannan. Balle uwa da ɗan fari, waɗanda ko zancen aure ba su taɓa yi ido da ido ba. Na tsaya har na ji ya kunna rediyo.

Da ganye suka fara zuba, kalmomi ma suka fara zube masa. Ya nemi kofi ya ce takalmi, ya ji abin da ya faɗa, ya yi tsaki. Hannun dama ya mutu. Likita ya ce ƙarin ya dawo. Wata Asabar da yamma yana kwance, ya daddaɓa gefen katifa da hannun hagu, wai in zauna. Ban taɓa zama gado ɗaya da shi ba tun yana goye. Na matso dai, na tsaya a tsaye.

Ya ce, "Yaya. In na... inji. Injin nan. Ni..."

Ya rufe ido yana neman kalmar. Ina ganin jijiyar wuyansa tana motsi. Sai ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, ɗaliban Nijar ne su biyar suka zo dubiya da lemo a leda. Zan faɗi gaskiya tunda don ita na ɗauki biro: na ji daɗin ƙararrawar nan. Da sauri na je na buɗe.

Bai sake tayar da maganar ba. Kafin sanyi ya kankama, maganar ma gaba ɗaya ta ɗauke. Abinci ya fara sarƙe shi, ya bi ta hanyar iska, huhu ya kamu. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi zuwa sashen da suke kira réanimation, aka zura masa roba ta baki, inji yana yi masa numfashi.

Kwana tara a haka, sai aka kira mu wani ɗan ƙaramin ɗaki, ni da Hadiza. Babbar likitar sashen mace ce mai furfura, ba ta ɗaga murya. Ta ce hanya biyu ce. Ko a huda masa maƙogwaro a ci gaba da injin, ko a cire a bar shi, a ba shi abin da zai hana shi jin wahala. Ta ce ƙarin ba zai koma baya ba ko an yi wanne. Sannan ta juyo gare ni.

"Madame, ba ke za ki yanke hukunci ba, mu ne za mu yanke. Muryarsa muke so mu ji ta bakinki." Sai ta faɗi kalmomin da har yau suna kunnena yadda ta faɗe su: "Qu'est-ce qu'il aurait voulu?"

Hadiza ta ce, "Wai shi me zai so."

Na ji tun kafin ta fassara. Na roƙi a ba ni zuwa gobe.

Na fita baranda na kira Alhaji Mamman. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Hajiya, rai na Allah ne. Wa ya isa ya ce a cire? Ki ce a ci gaba. Kada a zo a ce da hannunmu muka sallama shi." Hadiza kuma ta samu wani malami a masallacin unguwar, shi ya ce in likitoci sun haɗu a kan ba dawowa, barin injin ba kisa ba ne. Mutum biyu, magana biyu. Amma ba su aka tambaya ba, kuma ba abin da suke so aka tambaye ni ba.

Da Bitrus ya zo da yamma na ja shi gefe. "Ɗana, tsakaninka da Allah, ya taɓa gaya maka abin da yake so?"

Ya sunkuyar da kai. "Mama, sau biyu na tambaye shi. Ya ce wannan magana ya ajiye wa uwarsa ce."

Uwarsa. Ban taɓa jin ya kira ni da wannan ba.

Washegari muka koma ɗan ɗakin. Na kasa ce wa matar nan ban sani ba. Ta yaya zan ce ɗana ya ɗauki sunana ya rubuta, ya kira ni sau biyu, na je duba tukunya? Sai na ɗauki maganar Alhaji Mamman na sa a bakinsa.

Na ce, "Ya ce a ci gaba."

Likitar ta dube ni. "Shi da kansa ya faɗa miki?"

"Shi ya faɗa."

Hadiza ta juyo ta kalle ni, ta mai da kanta ƙasa. Likitar ta rubuta. Ina kallon biron yana tafiya a kan takarda, layi biyu da rabi.

Aka huda maƙogwaron. Ya yi mako shida bayan nan, kuma kowace rana ina wurin daga buɗe ƙofa zuwa rufewa. Makon farko hannunsa na hagu yana ta hawa zuwa wuya, sai suka ɗaure shi da ƙyalle mai laushi a jikin gado. Na tambaya ko cirewa yake so ya yi. Suka ce kowa haka yake yi, ƙaiƙayi ne. Mako na biyu ya fara buɗe ido, yana kallon silin, wani lokaci ruwa ya gangaro ta gefe ya shiga kunne. Suka ce ido yakan yi ruwa da kansa. Duk bayan ɗan lokaci sai a zura siririyar roba a zuƙe majina daga ramin, jikinsa duka ya ɗaga ya koma. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, baƙar mace daga tsibiran can nesa, da ta tambaye ni yadda muke lallashin mara lafiya. Daga ranar ba ta taɓa zura robar ba sai ta ce masa, "Sannu, sannu." Ita ce kuma ta kama hannuna ta ɗora a kan nasa, ta ce in riƙe, ba ya cizo. Rabona da riƙe hannunsa tun yana koyon tafiya.

A mako na huɗu na zauna a bakin gadon, ba kowa, na ce masa, "Ga ni na zauna. Faɗa mini." Na ce in yana so a ci gaba ya matse hannuna. Yatsunsa suka ɗan motsa. Na ce in yana so a bari ya matse. Suka sake motsawa, daidai irin na farko.

Huhun ya sake kamuwa, wannan karon magani bai ci ba. Ya cika da hantsi, ranar wata Talata, ina riƙe da shi. Ƙungiyar ƴan Nijar ta tsaya aka kai shi Damagaram, aka sa shi kusa da tsohuwar da ta rene shi. Alhaji Mamman ya ce mini na yi jihadi, ban bari an taɓa ran ɗansu ba. Na ce Allah ya karɓa.

Na dawo Bobigny. Mutane suna cewa na yi haƙuri, ba su ga hawayena ba. Amma in jikata tana shan lemo da tsinken roba, ta kai ƙarshe ya fara wannan ƙarar zuƙa, sai in tashi in bar ɗakin. In ina salla, in na kai tahiya, wurin shaida, sai in ga biron nan yana tafiya. Mako shidan nan ban san ko kyauta na ba shi ba ko azaba. Ko da a ce abin da zai zaɓa kenan, ni dai shaidar zur na bayar a kansa, yana kwance ba ya iya ƙaryata ni.

Shekara uku a haka. Sai wata rana na ga sanarwa a manne a inda muke koyon Faransanci a unguwa. Na tsaya na haɗa baƙaƙen a hankali. Wai hukuma za ta sake duba dokokin da suka shafi ƙarshen rayuwar mara lafiya, ana kiran taro a garuruwa, kowa yana iya zuwa ya faɗi nasa. Akwai ɗaya a Paris ranar Asabar. Na ce wa Hadiza ta raka ni.

"Mama, wannan fa taron ƴan boko ne."

"Ni ma ƴar boko ce. Da satifiket ɗina na yaƙi da jahilci."

Wata maƙwabciyata da ta ji, ta riƙe haɓa. "Hajiya, wurin da ake zancen yi wa tsofaffi allurar mutuwa za ki? Me ya yi zafi?" Na ce zan je in ji ne. Ni kaina ban san abin da zai kai ni ba, na dai san tun da na karanta sanarwar nan abinci ya daina shiga.

Na zaci lauyoyi da likitoci zan tarar. Sai na ga an raba mu tebur-tebur, mutum takwas-takwas, ga kofi a tsakiya. A namu akwai wani tsoho da ya yi ritaya daga tuƙin bas. Matarsa ta yi wata biyu tana roƙonsa a taimaka mata ta tafi, bai iya ba, shi ya zo ne a canja doka. Akwai wata budurwa a keken guragu, ita tsoro ya kawo ta, kada wata rana a dube ta a ga kaya ce mai nauyi. Suka yi ta musu har fuskar tsohon ta yi ja. Da na duba sauran, sai na lura kusan kowa da mamacinsa ya zo, ya zaunar da shi a gefensa. Waɗanda ba abin da ya taɓa su suna can kasuwa, ranar Asabar ce.

Mai kula da teburinmu ta ce, "Madame, ba mu ji ki ba." Na ce da Hausa zan yi, ɗiyata ta fassara. Na fara da cewa ni ban yarda da allura ba, addinina bai ba ni ba. Tsohon ya ɗaga kafaɗa. Sannan na ba su labarin takardar, da tukunyar, da ƙararrawar ƙofa. Na yi musu bayanin kunyar ɗan fari, suna ta kallona. Da na kai ɗan ɗakin nan na ce, "Sai na yi wa likita ƙarya. Bai ce mini komai ba."

Hadiza ta tsaya da fassarar.

"Mama."

"Faɗa musu."

Ta faɗa. Sai na ce abin da nake roƙo ɗaya ne. Kada a ƙara miƙa wa mutum takardar nan a tsaye. Likita ya zaunar da su biyun, tun mara lafiya yana da baki, da tafinta in ana bukata, shi ya buɗe maganar da kansa. Akwai iyayen da ba za su iya farawa ba ko za a yanka su. Amma da likita ne ya yi tambayar a gabana, da na zauna, don ba a tashi a bar likita yana magana. Da kunyata ta samu inda za ta fake, da na ji amsar.

Mai kula da teburin ta rubuta a babbar takardar bango. Duk abin nan layi ɗaya ya zama. Ban san inda layin ya je ba, ban san ko wani babba ya karanta ba. Tsohon direban ya jawo kofina ya cika, ya turo mini. Ya ce, "Madame, tawa ta gaya mini komai dalla-dalla. Ni ma ba na barci."

Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa muna dawowa, har muka wuce tasha huɗu. Sai Hadiza ta ce, "Na sani tun ranar."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ni ma so nake a ci gaba. Ban shirya ba." Ta share hanci da bakin gyale. "Mu biyu muka yi ta, Mama."

Washegari da safe, bayan na karya, na ɗauko littafina na rubutu, na ce bari in rubuta nawa tun ina da baki. Inda za a binne ni, na rubuta. Wadda za ta yi mini wanka, na rubuta. Da na zo kan inji, biro ya tsaya. Na zauna har shayi ya huce. Shekara uku ina ganin amsa ce a bakin Ɗan Tsohuwa cikakkiya, ni na ƙi karɓa. Ga ni da lafiyata, da hankalina, na kasa ce a ci gaba, na kasa ce a bari. Wataƙila shi ma bai sani ba. Wataƙila wanda zai taya shi nema yake so.

Na sa littafin a jaka, na hau bas zuwa Clichy-sous-Bois, unguwar su Hadiza. Hadiza ta buɗe ƙofa da ɗaurin ƙirji, yara suna tsalle a bayanta.

"Mama, lafiya da sassafe?"

"Lafiya lau."

Na buɗe littafin a kan teburinta, na nuna mata inda layin ya yanke. Na ce, "A nan na tsaya, ban san amsar ba. Ki yi mini tambayoyi irin na likita, ɗaya bayan ɗaya, kada ki ji tausayina."

Ta daɗe tana kallon rubutun. Sannan ta kira mijinta ta ce ya fita da yaran. Ta jawo kujera har gwiwarta ta taɓa tawa, ta karɓi biron.

"To, Mama. Me kika fi tsoro?"

Na gyara zama, na fara gaya mata.